Lissafin Inna da Wata

A Balangwa, inda Shari ke zubawa cikin tafki,
Inna ba ta rataye kalanda a bango.
Sama ce littafin bashinta.
Bayan magariba takan fito, hannu a ƙugu,
ta ɗaga kai ta karanta.

Jinjiri ya tsaya, siriri kamar ƙayar karfasa,
Zara na gefensa tana rakiya.
Maƙwabta na shafa addu'a, ita ma ta shafa,
sannan ta juyo:
"Kande, ƙirga itacen nan.
'Yan kwanaki suka rage mana
kafin yaron can ya girma ya kashe mini wuta."

Daren bakwai, rabin ƙwarya.
Tsakar dare yake faɗuwa,
Bawa da yaransa na zaune a kan yashi suna jiran ya kwanta.
Da asuba ga su da abin da ya samu,
tarwaɗa kwando biyu, ragon ruwa guda.
Ba yabo ba fallasa, in ji masunta.

Daren sha huɗu gari duka yana waje.
'Yan mata na gaɗa a bakin ruwa,
gangar Kotoko na amsawa daga ƙetare,
allura ta faɗi a ƙasa ka tsince ta.
Amma kifi ma ido gare shi.
Yana ganin kowane zaren kalli,
sai ya nutse ƙasa ya yi lamo.
Jirage a kife, mamari a naɗe,
bandar Inna ta huce har kyanwa na barci a tokarta.
Hajja Falmata mai bin mu kuɗin itace
ta zo ta sha shayi kofi biyu, ba ta ce uffan ba.
Inna ta nuna mata sama da haɓa:
"Ga wanda ya ci kuɗinki can, ya yi kumatu.
Bari ya rame."
Hajja ta yi dariya, ta laluba takalmanta.

Ni kuwa ina son sa, shi ne laifina.
Ina zare ƙyaure in bi sawun ƙawaye,
in yi tafi har hannuna ya yi zafi,
in dawo in tarar da tuwo babu kifi a miya,
in ci shiru, kamar wadda ta yi sata.

Sai ya soma makara.
Yau bayan isha, jibi sai yara sun yi barci,
wani abu na gaigayar sa ta gefe guda.
Ashirin da bakwai, ladan kaɗai ke gaisawa da shi,
ɗan ɓawon gyaɗa a gabas.
Daga nan ya ɓata.

To, lokacin ne Inna ke ɗaura ɗamara.
Duhu ya rufe tafki, jirage sun dawo da nauyi,
hayaƙi ya tashi daga banda huɗu lokaci guda,
idanu na hawaye, baki na waƙa.
Kwalaye sun ɗauru, motar Kusiri ta cika,
sefa ta ƙullu a bakin zane,
Hajja Falmata ta zo, wannan karon da surutunta.

Yanzu ina Garwa, ƙarƙashin lantarki,
watan Bature ke kawo mini albashi.
Hayaƙin shekara talatin ya cinye idon Inna,
ba ta ganin jinjiri, ba ta ganin cikakke.
Amma in na kira, kafin in gaishe ta sai ta ce,
"Yau sha uku ne, ko?
Ban ji ana tura jirgi ba, ga yara na ta ihu."
In leƙa taga, tsakanin wayoyin wuta,
ga shi can ya yi kumatu.
In yi shiru, in latsa waya,
in tura mata kuɗin itace
kafin ta tambaya, don ba za ta tambaya ba.
Na san halinta.